Kafin Ki Buga Shahadar Innarki

Birnin Kudu,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, da fatan kin tashi lafiya a ɗakinki na Gwaram, ke da maigidanki Malam Nasiru. Allah Ya tsare ku a gida da hanya, Ya sa ƙafar da kika shiga gidan nan da ita ta zama ta alheri, Ya haɗa kanku a kan gaskiya da haƙuri. Ki miƙa gaisuwata ga surukanki, babba da yaro.

Ki yi haƙuri da wannan rubutu nawa mai kama da na 'yan aji ɗaya. Tun da yanar nan ta fara rufe mini ido, sai na yi baƙaƙe manya-manya, a bakin ƙofa inda rana take, kafin in ga abin da hannuna ke yi. Labarin gida kuwa ki ji shi a waya wajen Innarki, ta fi ni iya ba da shi, har da na kajin maƙwabta. Ni maganar firinta ce ta sa na ɗauki biro.

Na san dariyar da aka yi ranar da aka kai kayanki, da aka ga kwalin firinta da kwamfutata a tsakanin tukwane da kwanukan samira. Gwaggonninki sun ce Malam ya rasa abin da zai saka wa 'yarsa a kayan ɗaki sai injin ofis. Su yi ta yi, ban ji haushi ba. Dalilina shi ne wannan: walimar saukar Alƙur'ani ta makarantarmu tana nan cikin Sha'aban, likita kuma ya ce sai bayan azumi za a yi mini aikin ido. Ba na ganin abin da ke kan allon kwamfuta sai hazo. Don haka shahadodin bana, wato takardun shaidar sauka, a hannunki suke. A cikin sunayen masu sauka kuma akwai na Innarki, wadda yanzu haka ta yi nisa cikin Baƙara. Takardarta dole ta fito fes, ba zane ba ɗigo. Zan gaya miki dalili a ƙasa, amma sai kin fara jin wautar da ubanki ya tafka da injin nan, don kada ki maimaita.

Ranar da na kawo firintar daga Kano kina makarantar kwana. Na ɗora ta a kan tebur, na yaye ledar sama, na zura takarda, na danna. Ta yi ƙugi, ta ja takardar, ta fito da ita fara fat kamar yadda ta shiga. Na sake, haka. Na ce shi ke nan, an sayar mini da fanko. Yini na yi ina shirya maganar da zan faɗa wa mai shagon, har da wuraren da zan ɗaga murya. Washegari ina mayar da ita kwali sai wata doguwar takarda mai hotuna ta faɗo, wadda na ture gefe tun farko don na ɗauka talla ce. Ga hoton hannu nan ƙarara yana ɓare ɗan salatif daga bakin katirij, wato ɗan akwatin da tawada ke ciki. Nawa yana nan manne daram. Na ɓare, na mayar, sai ga rubutu baƙi ƙirin. Na yi godiya ga Allah da ban riga na hau mota ba.

To, sababbin katirij na saka miki a kwalin, baƙi da mai launi, kuma da salatif ɗinsu. Ki ɓare shi kawai, kada yatsanki ya taɓa ɗan wurin nan mai kalar tagulla. Ki tura kowanne gurbinsa har ki ji ya yi ƙas. Takardar hotunan ma tana nan a ƙasan kwalin, ki dube ta kafin ki taɓa komai. Na san halinki, nawa ne: mu biyun nan muna ganin karanta bayani ragwanci ne.

Idan da kwamfutata za ki yi aiki, sun riga sun saba da juna, waya kawai za ki haɗa musu. Amma idan Malam Nasiru ya ce a jona da tasa, sai an saka wa tasa manhajar firintar, wadda masu gyara ke kira direba. A nan ma na taɓa yin nawa. Da aka wanke mini kwamfuta aka sake mata tsari, na je neman manhajar, na ga lambar da ta yi kama da ta firintata, bambancin kaɗan ne a ƙarshe, na ce ai duk gida ɗaya ne. Na saka. Abin da ta fito da shi ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Turanci ba, wasu ƙananan zane-zane ne layi ɗaya a saman kowace takarda, kuma ba ta da niyyar tsayawa. Lambar tana rubuce a goshin firintar. Ki kwafe ta daidai, harafi da harafi, ki nema a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ba wani shafi da zai yi ta walƙiya yana cewa ki danna nan ba. Bayan an saka, ki shiga inda kwamfuta ke jera firintoci ki zaɓe ta a matsayin wadda za a riƙa tura wa aiki, in ba haka ba sai ki yi ta aike zuwa gidan da babu kowa.

Sai maganar cushewar takarda. Wani azumi na zauna buga jarabawar ɗalibai bayan buɗa-baki, da faranti na dabino a gefe. Kashegari firinta ta fara kama takarda tana murɗe ta, tana ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Na kama takardar da ƙarfi na fizgo ta baya, ta yage, rabi a hannuna rabi a cikinta. Na sake zura wata, ita ma haka. Na zargi takardar, na zargi wuta, na zargi wanda ya ƙera injin. Da na gaji na ɗaga ta na karkata, sai ga ƙwallon dabino ya gangaro ya faɗo a kan ƙafata. Innarki tana bakin ƙofa tana kallo. Sai ta ce, "Malam, ashe ita ma ka ba ta buɗa-baki." Har yau in ta ga na ɗauki dabino sai ta kalli inda teburin yake.

Kada ki ci komai a kusa da firintar, ko gyaɗa ce. In kin gama aiki ki rufe ta da mayafin nan da Innarki ta ɗinka mata, saboda kyankyasai da ƙadangaru suna son ɗuminta. Idan takarda ta maƙale, ki kashe ta tukuna, ki buɗe ƙofar baya, ki kama takardar da hannu biyu ki ja a hankali ta hanyar da take bi in za ta fita, sannan ki leƙa ko wani guntu ya rage. Da damina takarda kan sha sanyi ta manne da juna, don haka ki bar ta a ledarta, ki kaɗa gefenta da babban yatsa kafin ki zuba. Takardar shahada kuwa mai kauri ce, ɗaya-ɗaya ake ba ta, kuma sai kin shaida wa kwamfuta cewa mai kauri ce za ta bi da ita sannu. Ni da na cusa mata da yawa a lokaci guda, haɗiye biyu ta yi ta tsaya tana kallona da jar fitila.

Akwai kuma abin da na daɗe ban gane ba. Duk lokacin da na gama aiki, sai in kashe ta daga bango, ina ganin tattalin wuta nake yi. Ashe in ka kashe ta da maɓallinta, takan mayar da katirij wani lungu ta rufe masa baki. In ka yanke mata wuta kwatsam kuwa, a tsakiyar hanya yake kwana, baki buɗe, tawada ta bushe. Haka in ta daɗe ba ta yi aiki ba. Shi ya sa bayan kowane dogon hutu rubutunta ke fitowa da fararen layuka kamar an ja masa tsintsiya. Maganinsa yana cikin manhajarta: akwai inda ake cewa ta wanke bakin tawada, sannan ta buga ɗan zanen gwaji ki ga ko layukan sun cika. Kada ki yi ta maimaita wankin, tawada yake sha. Abin da ya fi shi ne ki ba ta shafi ɗaya duk mako, ko da jerin cefane ne.

Sunayen Larabci ma sun taɓa ba ni kunya. Na rubuta su a kwamfutar wani malaminmu, sun zauna kyau, na kwaso a filashi na zo gida na buga. Baƙaƙen suka fito a rarrabe, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya, wasu ma suka zama ƙananan akwatuna, domin irin rubutun da ke tasa kwamfutar babu shi a tawa. Tun ranar, in na gama shahada sai in mayar da ita PDF, yadda komai zai daskare a inda na ajiye shi, sannan in buɗe in duba yadda za ta fito kafin in tura. Ke ma ki yi haka, ki kuma sa Malam Nasiru ya karanta miki sunayen da ƙarfi kina bi da ido.

Yanzu ga babbar, wadda ta sa na rubuto.

Shekarar da muka fara buga shahadarmu da kanmu, na zauna da azahar na tsara ta: Bismillah a sama, aya a ƙarƙashinta, ado a gefe, layin suna a tsakiya. Ta yi mini kyau ƙwarai, na ƙagu in gan ta a takarda. Maimakon in gwada da wani abu daban, sai na ce bari in gwada da ita kanta. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Kin san ubanki da abin da ya ƙi jin magana: na yi ta danna mata kamar mai buga ƙofar kurma. Ban san cewa kowace dannawa kwamfuta ajiyewa take yi a layi tana jira ba. Da aka kira la'asar na miƙe, sai na hangi wayar da ke haɗa su ta zame daga bayan firintar. Na mayar da ita, na zura takalmi na tafi masallaci, tire cike da takarda.

Ina dawowa na ji muryar Innarki tun daga zaure tana korar akuya. Na shiga na tarar da ɗakin fari fat. Firinta ta biya duk abin da na tura mata, ɗaya bayan ɗaya, sun cika tire sun zubo ƙasa, iska ta kwashi wasu zuwa tsakar gida. Tawada ta ƙare a tsakiyar aikin, saboda haka yawancinsu duk zane ne da dishi-dishi. Innarki na riƙe da muciya a hannu ɗaya tana tare akuyar, ɗaya hannun tana tsince takardu tana dannawa a ƙirjinta. Kowace takarda da sunan Allah a kanta da aya.

Da jarabawar lissafi ce, da an ba mai ƙosai ta naɗe kayanta, ko a hura wuta da su. Waɗannan kuwa ba a zuba su a shara, ba a bari a taka, ba a bar wa akuya. Muka tattara su kaf, har wadda ta maƙale a kan danga. Innarki ta wanke sabon kasko, muka zauna a gindin darbejiyar nan ta bayan ɗakinta, muna sa su a wuta ɗaya-ɗaya yadda toka ba za ta tashi ba, don mu binne ta a wuri mai tsarki inda ƙafa ba ta bi. Ni ina ta jin haushin kaina, ita tana ta danne dariya.

Can sai ta tsaya da wata a hannunta, wadda ta ɗan fito da kyau. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, nan me aka ce?"

Na karanta mata ayar.

Ta nuna layin tsakiya. "Nan fa da babu komai?"

Na ce, "Nan ake sa sunan wanda ya sauke."

Ta gyaɗa kai, ta sa takardar a wuta da hannunta. Sai ta ce, "Ka ga ni, ina ta ƙona abin da ban san me ya ce ba."

Ummi, kin san tarihinta. Innarki a Kiyako ta tashi, gidan noma, ta haddace abin da za ta yi salla da shi, aka kawo ta gidan malamai. Duk shekarun nan ita ke dafa abincin walimar 'ya'yan mutane, ita ke goge allunansu, ba ta taɓa cewa komai ba, ni kuma da nake koyar da rabin unguwa ban taɓa tambaya ba. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta har na kasa kallonta.

Ita ce ma ta fitar da ni. Ta ture toka da ɗan kara ta ce, "To ranar da za ka buga tawa, don Allah kada ka yi mini mai zane-zanen nan. Kuma ka ɗaure akuya."

Na ce, "In kin sauke, da hannuna zan buga miki, kuma ba za ki ga ko ɗigo ba."

Ta ce, "Na riƙe ka."

A wancan satin ta shiga ajin matan aure na Malama Asabe. Ta ƙi yarda in koya mata da kaina, ta ce ta ga yadda nake yi da firinta. Sauran kin san shi, kin gan ta da allonta a bakin murhu, kin ji ta tana maimaita aya ɗaya tana tuƙa tuwo har ku ma kuka haddace. Abin da ba ki sani ba shi ne alkawarin, domin daga ni sai ita sai darbejiya.

Saboda haka ga shawarata, ki riƙe ta fiye da duk na baya. Kada ki taɓa yin gwaji da shafin da ke ɗauke da sunan Allah. Ki yi kwafin shahadar ki cire Bismillah da ayar, ki bar ado da layin suna, da wannan za ki gwada tsayuwar takarda da cikar tawada, a kan takarda mara kauri, har sai kin gamsu. In kin danna sau ɗaya ba ta motsa ba, ki ɗauke hannunki. Ki duba waya, ki duba ko tana kunne, ki duba ko akwai takarda. Sannan ki buɗe layin jiran aiki, ɗan hoton firinta ne a ƙasan allon, ki share duk abin da ya taru a ciki kafin ki gyara abin da ya hana ta. Kuma kada ki bar ta tana aiki ki fita, ko salla ce ki jira ta gama ko ki tsayar da ita. In duk da haka wata ta lalace da aya a kanta, kin san abin yi: kasko mai tsabta, da wurin da ba a takawa.

Malama Asabe za ta turo miki sunayen ta waya. Ki buga na kowa a natse, ki bar kowace ta sha iska kafin ki ɗora wata a kanta, ki saka su cikin leda ki ba direban motar da na saba aike da shi. Ta Innarki kawai za ki bari. Ki tsara ta, sunanta da na mahaifinta da Larabci, manya yadda za ta karanta da kanta ba tare da ta nemi kowa ba. Ki ware mata takardar da ta fi kowacce kyau, wadda ba ta lanƙwashe a kusurwa ba. Amma kada ki danna.

Ranar kasuwar Gwaram da ke gaban walima zan shigo motar safe. Na riga na gaya wa Innarki cewa zan je duba lafiyarki ne, ta ce ai dama ta san ba zan iya wata guda ban ga firintata ba. Ki bar ta a haka. In na zo, ki zaunar da ni gaban kwamfutar, ki kama yatsana ki ɗora a inda ya kamata, ni zan danna. Sau ɗaya, na yi miki alkawari. In ta fito, ki kai ta bakin ƙofa ki duba mini ita a rana, daga sama har ƙasa, ki gaya mini gaskiya. In akwai zane ko siriri ne, kada ki ji tausayina ki ce babu, domin ni ba zan gani ba, ita kuwa yanzu babu abin da ke kan takardar nan da zai wuce ta.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya kiyaye ki daga sharrin dare da rana, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya tsare hanyar da ke tsakaninmu da masu bin ta. Ya kai mu Sha'aban da rai da lafiya, Ya nuna mini ranar da zan ji Innarki ta karanta sunanta da bakinta.

Wassalam.

Naki,
Baba.